Inda Kawu Mainasara Yake Sauka

Da na dawo Bodinga bayan shekara tara ina karatu a waje, ban ɗauka akwai abin da zan koya a bayan keken Kawu Mainasara ba. Na zo da nawa keken, irin na hawan duwatsu, mai giya ashirin da ɗaya da tayoyi masu kauri. Nasa baƙi ne, tsoho, sirdinsa naɗe da tsumma, birkin baya ɗaure da waya. Har na yi shakkar ko tafiyar tasa tana da sauran amfani: kwana bakwai yana kewaya ƙauyukan da babur zai gama da su a yini biyu.

Kawu yayan mahaifiyata ne, manomin albasa, amma da iri aka fi saninsa. Yakan bar wani ɓangaren lambunsa ya yi fure, ya shanya, ya sussuke, ya adana a tulu. Duk ƙarshen damina, kafin masu lambu su yafa iri, sai ya ɗaura buhu a kariyar kekensa ya bi su har gida, daga Danchadi zuwa Mandera, ya ɓulla Shagari ya dawo. Shekara talatin da huɗu ke nan.

Bana 'ya'yansa suka ce ya isa haka. Gwiwarsa ta dama tana kumbura, kuma Bilyaminu, babban ɗansa, yana da babur. Kawu ya ce sai dai a ɗaure shi. Aka daidaita a kan in bi shi in gani. In na dawo na ce ƙafar ba ta ɗauka, za a jingine keken. Zuwaira, ɗiyarsa, taubashiyata da ba ta taɓa raga mini ba, ta tare ni a zaure.

"Bature, ban da kallon tsuntsaye," in ji ta. "Ka lura sau nawa shika sabka. In yana yawan sabka, ƙafar ce."

A kan kwalta na bar shi nesa, ina jin daɗin kaina. Muna ratsewa cikin rairayi sai tayoyina, da na cika su tam da iska, suka soma nutsewa. Kawu ya iso, ya tsuguna ya rage wa nawa iska kamar yadda ya rage wa nasa, muka wuce. Da muka hau jar ƙasa mai tauri ya zaro famfo ya mayar da iskar. A fadamar Danchadi laka ta cushe tsakanin tayata da ƙarfe har ta daina juyawa, na zauna ina ƙwaƙule ta da kara, shi kuwa ya bi kan kunyar gona da siririyar tayarsa.

Sauka kam yana yi. Ranar farko na ƙirga har ashirin da uku. Washegari muka zo wuce wani dattijo da ke tufkar igiya a inuwa, na ɗaga masa hannu daga kan keke. Kawu ya sauka ya rusuna. Dattijon ya tambayi ɗan wa ne wancan da ke gaida mutane daga sama kamar direban tirela. Kawu ya ce ɗan ƙanwarsa ne, a yi masa haƙuri, inda aka kai shi karatu ba su kai ga wannan darasi ba tukuna. Sai a lokacin na gane abin da nake ƙirgawa. Yana sauka ga dattijo, yana sauka a bakin gari, yana sauka gefen maƙabarta, yana sauka ya ba mace mai kaya a ka hanya. Daga nan na ce saukar da zan riƙe ita ce wadda ya yi inda babu kowa.

Kwana huɗu ban samu ko ɗaya ba. Na dai ga yadda ake karɓarsa. Ba a gwada irinsa a ruwa kamar yadda ake yi wa na kasuwa. A miƙo ƙwarya kawai, ya auna da gwangwaninsa, ya faɗa wa mai lambu wane gefen fadamar ya ga ruwa bai janye ba a hanya.

Rana ta biyar, bayan Mandera, muka iso wani tudu mai tsakuwa. A gindinsa akwai kututturen tsamiya, ba mutum, ba gida. Kawu ya sauka, ya tsaya leɓunansa na motsi. Ya ce a nan Tasi'u yake zama, mutumin da ya fara karɓar irinsa, shekara shida ke nan da rasuwarsa. Sannan ya tura keken har ƙolin tudun. A can na ga ya kasa ɗaga ƙafa ya ƙetara sirdi, sai da ya karkatar da keken kusa da ƙasa. Washegari kuma na lura gaisuwarsa ta ƙara tsawo, har yana sauka don mutanen da ke can cikin gona ba su ma gan shi ba.

Rana ta bakwai, da hantsi, muna hango rufin kwanon Bodinga, na gaya masa abin da na gani, da cewa ba zan ɓoye wa Zuwaira ba. Ya dubi buhun da ya kusa ƙarewa. Ya ce ba sai na wahalar da bakina ba, tun a Shagari ya shaida wa masu lambu baɗi Bilyaminu za su gani. Shi zai riƙe Danchadi da kewayenta, inda ƙasa take shimfiɗe, kwana uku. Sharaɗinsa ɗaya: Bilyaminu ya riƙa kashe babur ya sauka duk inda shi yake sauka, har da gindin tudun nan.

Na ce, "Kawu, ran nan a wurin kututturen, don Tasi'u ka sauka ko don gwiwa?"

Ya gyara ɗaurin buhun, ya ce, "Shekara biyar don Tasi'u nika sabka, ɗana. Bana ma domin nai na sabka. Sai da niz zo hawa na iske ban iyawa."