Jan da ba na goro ba

Shekara ashirin da wani abu ina kamasho a tashar Kankia, kuma goro ne abincina, tuwo ɗan rakiya ne kawai. Inda nake tsayawa ina kiran fasinjan Kano, ƙasar wurin ta rine da tofina, har direbobi kan ce in aka yi ruwa ukku masu kyau, itacen goro zai tsiro a nan.

To shi ya sa ban gane ba. In na yi asuwaki da safe na ga ja, sai in ce goron jiya ne. Sai da azumi ya kama. Wata rana da la'asar, rabona da goro tun sahur, na gurza asuwaki a tsakar gida na tofar, ja jawur. Mai ɗakina na gefe tana tace gasara.

"Malam, wane goro ka ci da azumi a bakinka?"

"Tsohuwar ajiya ce, jiki ke fiddo ta."

"Jini ne dai. Ka daɗe kana yi, goro ke rufa maka asiri."

Dama ina shan maganin hawan jini, kuma mahaifinmu zuciya ce ta kayar da shi a gonarshi ta Fakuwa, yana tsakar noma. Don haka duk wata ina zuwa awo. Wannan karon mai ɗakina ta biyo ni, ta kai ƙarata gaban likita. Ya ce in buɗe baki, ya haska. Ni dai na ga hularshi ta ja baya.

"Baba, dasashinka ya kumbura, ya fara ruɓa ta ƙasa. Ciwo ne a buɗe, ƙwayoyin cuta na iya bi ta nan su shiga jini. Mai zuciya irin taka bai kamata ya ƙara mata wannan kayan ba."

"Likita, ina baki ina ƙirji? Ai da tafiya tsakaninsu."

"Akwai tafiya, amma jini ɗaya ke zagaya su."

Ya rubuta mani takarda in je Katsina a wanke mani haƙora. Ya ce wankin ba zai warkar da zuciya ba, in ci gaba da shan maganina, rage mata aiki kawai za a yi.

Ran kasuwa taubashina ya zo daga Kusada, na ba shi labari. Ya riƙe baki.

"Kai bawana, kada ka yarda! Dattin nan shi ne simintin da ke riƙe da haƙoranka. Suna kankare shi, ka koma shan koko har ka mutu."

Kowa a tasha haka ya ce. Na naɗe takarda na sa cikin hula, ta yi sallah a nan. Sai wata safiya ina taya ɗaure buhun gero bisa mota, numfashi ya ƙi isata. Na zauna kan benci ina kallon hanya, ina tuna tsohonmu. Washegari na ba kaina kujerar gaba a motar Katsina.

A asibitin, injin wankin haƙoran nan kuka yake kamar na markaɗe. Duwatsun da suka fiddo daga bakina, wallahi sun isa cike ramin titi. Sau biyu na je. Turmin haƙori guda na can baya dama girgiɗi yake, suka cire shi, sauran suka tsaya daram. Wagegen fili ya buɗe tsakaninsu, in na kira Kano sai fito ya riga murya fita. Aka haɗa ni da buroshi mai taushi da ruwan gishiri mai ɗumi, aka ce asuwaki a hankali, ba kamar mai kankare tukunya ba.

Bayan wata biyu jinin ya tsaya. Na koma awo, likita ya leƙa bakin, sannan ya ɗora mani abin sauraronshi a ƙirji. Ya daɗe yana sauraren zuciyar.

"Tana nan tana aikinta, Baba. Kada ka bar magani. Sai wata mai zuwa."

Na gyara hula na fito, na nufi tasha. Motar ƙarfe sha ɗaya ba ta cika ba tukuna.