'Yar Farin Hafiza

A Dodoru duk mai son ƙuli-ƙuli mai kyau ya san Hafiza matar Ubaidullahi. An kuma san ta da kunya, irin wadda tsofaffi ke yabo har su gaji. Da ta haifi 'yarta ta fari, Jidda, sai ta bi al'ada sau da ƙafa. Ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa gaban mutane, ko nono sai an matsa mata take ba ta. Kowa ya ce Hafiza ta samu tarbiyya.

To, tarbiyyar nan ce ta cuce su. Jidda tana rarrafe ta yi zazzaɓi mai zafi, ta warke, amma jinta ya tafi tare da ciwon. Uwar da ba ta kiran ɗiya, yaya za ta gane ɗiyar ba ta amsawa? Sai bayan yaye, sa'o'inta na ta surutu ita ko "inna" babu, sannan aka kai ta asibiti a Gwandu, aka ce ba ta ji. Hafiza ta dawo gida ta yi ta kuka har gyaɗar da ke kan wuta ta ƙone.

A Gwandun aka haɗa ta da Malama Binta, mai tara iyayen kurame a gidanta tana koya musu maganar hannu. Malamar ta faɗa mata ba ɓoye-ɓoye cewa yaron da ba ya ji da ido yake koyo, dole uwa ta durƙusa ta dube shi fuska da fuska. Hafiza ta ji kamar an ce ta shiga kasuwa ba mayafi. Amma ta daure. Duk ranar da ta kai ƙuli-ƙuli Gwandu sai ta biya, ta dawo ta saki labule ta koya wa Jidda alamun ruwa da yunwa da ciwo da wuta. A tsakar gida kuwa ta ci gaba da kau da kai. Ubaidullahi mutumin kirki ne, sai dai gona ta cinye shi, bai san wainar da ake toyawa a ɗakin ba.

Ana haka sai Dije, yayar Ubaidullahi da ke aure a Dangoma can ƙasar Kalgo, ta aiko neman riƙon Jidda. Allah bai ba ta haihuwa ba, 'yar fari kuma ta dangi ce. Ubaidullahi ya amsa nan take, don ba a shawara da uwa kan 'yar fari.

Daga ranar abinci ya fita ran Hafiza. Ba Dije take tsoro ba, Dije na son yarinyar. Tsoronta shi ne a Dangoma babu wanda zai gane Jidda in ta ce cikinta na ciwo. Za a ƙwala mata kira daga baya ta ƙi juyowa, a ce taurin kai ne. Ga rijiya, ga shanu, ga babura. Sau nawa ta yi niyyar yi wa mijinta magana, bakin ya ƙi buɗuwa.

Ranar tafiya Dije ta iso da mai babur, matan maƙwabta suka cika gida. Hafiza ta ƙulle kayan yarinyar ta miƙa wa Dije, ta koma gefe tana tsince gyaɗa. Jidda ta ga ƙunshin a kan Dije, ta zo gaban uwarta ta yi mata alama. Hafiza ta sunkuyar da kai. Yarinyar ta kama haɓarta ta ɗago, ta maimaita.

Dije ta ce, "Mi taka cewa haka da hannu?"

Hafiza ta ce, "Tambaya takai ina za a kai ta, kuma yaushe ni ka zuwa in ɗauko ta. Ni ban da amsa, Yaya. Tunda ke ka riƙonta, ki amsa mata."

Dije ta matso ta soma cewa, "Jidda, Dangoma za mu," sai ta tsaya. Yarinyar hannuwan Dije ta zuba wa ido, tana jiran su motsa. Dije ta ɗaga su, ta rasa yadda za ta yi da su.

Daga ƙarshe ta sauke ƙunshin daga kanta, ta leƙa waje ta ce wa mai babur ya tafi abinsa, yau nan za ta kwana.