Sabiena da Allurar Tankin Masai

Ni da Sabiena Links a teburi ɗaya muka tsufa, a masana'antar kifi ta garin Port Nolloth da ke bakin teku, muna ɓare jatan lande har farcenmu ya daina fitowa daidai. Na san ta tun haƙoranta suna cike. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, ba ta iya waƙa ba amma a coci muryarta ce ke danne ta kowa. Abin da nake faɗa a bayanta shi nake faɗa a gabanta: in ta ƙulla abu a rai, gara ka ba ta hanya.

Mijinta Maans makanike ne a jiragen da ke tsotso lu'ulu'u daga ƙasan teku. Mutum ne mai tsadar magana, sai ka yi zaton saya yake yi. Gidan kamfani suka zauna, nan suka haifi 'yarsu Loretta. Da kamfani ya naɗe tabarmarsa, aka karɓe makulli, sai suka koma cikin wata tsohuwar mota mai ɗaki da Maans ya samu a hannun wani mai nutso, musaya da injin kwale-kwale. Motar ta girmi Loretta. A cikinta akwai gado, da murhu, da ɗan masai wanda in ka shiga sai ka fito da baya. Suka kafa ta a kusurwar filin 'yan hutu na bakin teku, inda katanga ke tare iska. Mu muka yi ta tausaya musu, Sabiena kuwa ta rataya labule mai fure ta ce ita kaɗai ce a garin nan gidanta ke zuwa ganin dangi.

Maans ne ke kula da motar kamar jinjiri. Duk abin da ya yi ƙara ya san sunansa. Sai ga shi wata safiya ɓarin jikinsa ya shanye. Ya dawo daga asibiti da sanda, da ƙafa ɗaya mai ja, da kalma biyu a baki: "a'a" da "Biena". Ban ɗakin jama'a yana can ƙarshen fili, tsakani duk rairayi ne mai nutsa ƙafa. Mai lafiya ma sai ya yi haki. Saboda haka ɗan masan nan na cikin mota shi ne ya riƙe Maans a gida.

Ƙarƙashin motar akwai tankin da ƙazanta ke taruwa, a bango kuma kusa da murhu akwai geji mai allura. Ka danna maɓalli, allura ta nuna maka inda tanki ya kai. In ya kusa cika, sai a ja mota zuwa ramin zubarwa a bayan fili. Wannan jan Sabiena ta koya, a giya ta ɗaya, tana tafiya kamar mai rakiyar gawa. Bututun masan yana da lanƙwasa, ko ka haska fitila ba ka ganin komai, don haka allura ce idonta.

Allurar nan sai ta kwanta a kan babu komai ta yi barcinta. Sabiena ta danna yau, ta danna gobe, ta ce, "Ikon Allah, tankin nan akwai albarka." Albarkar ta fito ranar wata Asabar, ta bi gangare ta ratsa ƙarƙashin teburin wasu baƙi daga Upington da ke gasa nama. Ina wurin, na kawo wa Sabiena burodi. Matar ɗaya daga cikin baƙin ta ɗaga ƙafafunta sama tana riƙe da faranti, ba ta ajiye shi ba har aka ɗauke ta da kujerar.

Mai kula da filin, Valentyn, ba mugu ba ne. Na san uwarsa, na san lokacin da shi ma ba ya iya riƙe nasa tankin. Amma baƙi sun kai ƙara, shi kuma yana tsoron na sama da shi. Ya zo ya tsaya nesa kaɗan, hannu a hanci.

"Gwaggo Sabiena, ba ni da yadda zan yi. Kafin 'yan hutun Disamba su cika filin nan, ko gejin nan ya riƙa faɗin gaskiya a gabana, ko in sa a toshe masan."

"In ka toshe, Kawunka a ina zai zaga? A ofishinka?"

"Gwaggo, ki bar ni da abin da ke damuna."

Labari bai kwana ba ya kai garin Springbok, inda Loretta ke zaune. Ta bugo waya ta ce dama ta yi magana da gidan tsofaffi, akwai gado ɗaya a ɓangaren maza. Uwar kuma ta zo ta zauna wurinta ta riƙa kallon jikoki. Loretta yarinyar kirki ce, amma tana da irin kirkin nan da ke shirya maka rayuwa kamar kayan kabad. Sabiena ta ajiye waya. Maans yana zaune bakin ƙofa, ya ji duka. Ya ce, "A'a."

Washegari na same ta kwance a ƙarƙashin mota, ƙafafu kawai a waje cikin silifas.

"Ke Biena, mutuwa kika yi ko gyara?"

"Ragel, in ba taimako kika zo ba, ki zauna ki riƙe bakinki. Miƙo min wuƙar kifi."

Ta jingina madubin aski a jikin bokiti yadda Maans zai riƙa hango hannunta daga kujerarsa. A jikin tankin akwai wasu ƙusoshi a jere daga ƙasa zuwa sama, kowanne da wayarsa. Ta taɓa wannan, Maans ya ce a'a. Ta taɓa wancan, a'a. Ta bi su duka yana a'a, har ta fara zaginsa ƙasa-ƙasa. Can hannunta ya kai kan wata waya da aka ɗaure a jikin ƙarfen motar, sai Maans ya yi shiru. Gishirin teku ya cinye ta, ta yi kore, ja ɗaya ta tsinke kamar ruɓaɓɓen zare. Sabiena ta feƙe bakin wayar, ta kankare ƙarfen har ya yi fari, ta ɗaure tamau. Ta ce in shiga in danna.

Na danna. Allura ta yi tsalle ta buga ƙarshe.

Muka yi murna, har na dafa shayi da sukarin da ba nawa ba. Sabiena ta ja mota zuwa rami, ta zubar, ta ɗauraye, ta dawo ta danna. Allura ta sake bugawa ƙarshe. Tanki fayau, kana ƙwanƙwasa shi yana amsawa kamar ganga, amma allura ta rantse a cike yake.

Valentyn ya zo ya gani ya girgiza kai. "Gwaggo, da tana cewa babu, yanzu tana cewa ya cika. Maƙaryaci dai ya sake riga ne."

Daga nan Sabiena ta shiga wahala. Ta gane cewa ƙusoshin nan sun leƙa har cikin tanki, kuma datti ne ya daskare a kansu, shi ya sa suke jin jiƙa kullum, allura kuma ta ɗauka tanki a cike yake. Amma ta ina hannu zai shiga? Ta zuba ruwan zafi da sabulu. Ta zuba toka. Ta zura tsinken shinge, lanƙwasar bututu ta hana. Wani mai kamun kifi ya ce ta zuba lemon kwalba, ta ce in tana da lemon zubarwa ai da cikinta za ta fara. Tantuna suka fara tsirowa a fili ɗaya bayan ɗaya. Loretta ta sake bugowa tana tambayar lambar takalmin babanta, wai gidan tsofaffi ke nema.

Wata rana na kawo musu kifi sabon kamu cikin ƙanƙara. Ina ajiye robar, Maans ya miƙa sanda ya doki ƙanƙarar. Na ce, "Yaya Maans, bari dai a dafa." Ya sake doka, ya nuna ƙofar masai, sannan ya ɗaga sandar ya nuna gabas, wajen duwatsu. Ya yi haka har sau nawa, yana "Biena, Biena", gumi na keto masa.

Sabiena tana tsaye da wuƙa a hannu. Na ga fuskarta ta sauya a hankali.

Duk shekara in furanni suka buɗe bayan ruwan saman da ake yi mana a nan lokacin hunturu, Maans yakan ɗauke ta a motar nan su tafi ganinsu ta hanyar ƙauyen Lekkersing. Mu matan masana'anta har haushi muke ji, don namu mazan ko bakin titi ba sa kai mu. Hanyar nan kuwa gargada ce zalla, mai kaɗa haƙori, alhali ga kwalta lafiyayya da ke kai mutum ga furanni iri ɗaya. Shi dai sai Lekkersing. Kuma kafin su tashi sai ya ɗebo ƙanƙara buhu-buhu ya juye a masai, ya ce saboda wari ne.

Ta zauna a kan bokiti ta dube shi.

"Maans Links. Shekara da shekaru ina sa rigar coci, ina soya kaza, ina yi wa su Ragel yanga cewa mijina na kai ni ganin fure. Ashe wankin masai kake kai ni?"

Ɓarin bakinsa mai rai ya ɗaga sama. Bai ce a'a ba.

"Dube shi, dariya ma yake. Ƙanƙara ta riƙa dukan ƙusoshi tana kankarewa, ni kuma ina gaba ina cewa kai, dubi rawayar can. Allah ya isa kazata."

Na ce, "To ai kin ga furen dai. Mu ko masan ba a kai mu ba."

Matsalar ita ce Sabiena ba ta taɓa wuce giya ta ɗaya ba, kuma a tafiyar rakiyar gawa ƙanƙara narkewa kawai za ta yi. Tana da lasin tuƙin da Maans ya tilasta mata yi tun Loretta na goye, amma lasin ba ya tuƙi. Na ce ta nemi wani namiji ya ja. Ta ce motar Maans ba ta san hannun baƙo ba, kuma ba za ta roƙi ɗan kowa ya yi yawo da kashin mijinta ba.

Masu jirgin kifi suka ba mu ƙanƙara da safe. Muka juye ta a masai da ruwa kaɗan da garin sabulu. Muka ɗaure Maans a kujerar gaba da bel da kuma gyalena. Ni aka ba ni aikin tare ƙofofin kabad a baya, aikin da ya fi ƙarfin mace mai hannu biyu. Hazon teku bai gama tashi ba muka fita, injin yana kuka a giya ta ɗaya kamar akuyar da aka ja wa kunne.

Da muka sauka daga kwalta, Maans ya ɗora mata sanda a gwiwar hagu. Ta taka kuloci, ta sa giya ta biyu, motar ta yi wani gurnani ta zabura. Ba a jima ba ya sake taɓa ta.

"A'a, Maans, wannan ma ya isa."

Ya sake taɓawa.

"In muka mutu kai za ka yi wa Allah bayani, da kalmominka biyu."

Ta sa ta uku. Abin da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba. Tukwane suka fito suka bi ni, gwangwanin sukari ya fashe, hoton aurensu ya sauko ya same ni a ƙeya. A ƙarƙashin ƙafata ƙanƙara tana dukan tanki kamar ana sussukar hatsi. Furanni sun riga sun bushe, ba komai a fili sai duwatsu da awaki masu kallonmu. Na leƙa gaba na ga Sabiena ta kama sitiyari kamar wuyan ɓarawo, haɓarta a sama don da ƙyar take hango hanya, kuma wai waƙar coci take rerawa. Duk ramin da ta gani ba ta kauce masa, nufarsa take yi. Maans ya ajiye sanda a cinya, iska na kaɗa masa gashi.

Sai da muka daina jin dukan ƙanƙara ta juya. Juyawar ma labari ce, amma shingen wani mai gona da muka goga bai faɗi duka ba.

Kai tsaye ramin zubarwa ta nufa. Abin da ya fito ba zan bayyana shi ba, ina da jikoki masu karatu. Ta ɗauraye, ta rufe, ta aika a kira Valentyn. Ta ce ba za ta danna ba sai a gabansa, in kunya ce a sha ta gaba ɗaya.

Ya shigo yana tsallake tukwane. Ya danna da kansa. Allura ta ɗan motsa ta kwanta a ƙasa.

"Da ma can a nan take kwance ranar da aka yi wa mutanen Upington wanka," in ji shi.

"Na san za ka faɗi haka. Ga bokiti, ga famfo. Kai ne mai ƙuruciya."

Ya cire agogonsa ya fara jido. Yana zubawa yana dannawa. Allura ta tashi daga ƙasa ta tsaya. Ya ƙara, ta hau rabi. 'Yan hutu suka taru a ƙofa suna leƙe, har wani mai jan ciki yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Rigar Valentyn ta jiƙe sharkaf kafin allura ta kai kusa da ƙarshe ta tsaya cak inda ya kamata. Ya goge fuska ya juya wajen Maans.

"Kawu, zauna abinka. Ba mai taɓa maka masai."

Sabiena ta ja motar, ta sa shi ya raka ta rami ya zubar da ruwan da ya jido, don ita ta gaji. Sannan ta zauna a matakalar ƙofa, ta ce in latsa mata lambar Loretta. Ta ce wa 'yar a ba wani gadon nan, Allah ya ba mai rabo. Loretta ta fara amma Mama, amma Mama. Sabiena ta ce in tana son ganin iyayenta ta share ƙofar gida ta cire tukwanen furenta daga hanya, za su zo mata Kirsimeti da gidansu, kuma ita ce za ta tuƙo, birki ne kawai ba ta gama sabawa da shi ba.