Shunin da Ya Biyo Ni Kasuwa

Ko zan manta ranar da na buɗe shagona na farko a Gusau, ba zan manta abin da ya same ni a Tsafe ba, shekarar da naira ta shigo. Lokacin ina bin kasuwanni da tufafi, ina ji da kaina. Wani mai shanu na Bilbis ya saya wa matarsa turkuɗi a hannuna. Ni da bakina na ce masa turkuɗin gaske shi ne wanda shuninsa ke bin jikin duk wanda ya goge shi.

Ya ce in kai masa kayan har gida. Daga kai kaya ƙafata ta saba da hanya. Ba zan wanke kaina ba, matar mutum ce, kuma na sani.

Direban da ke ɗaukar mini kaya, wani dattijo Kirista, ya lura da yawan tsayawarmu a Bilbis. Ya ce a littafinsu an koya musu cewa ɓarawon da yunwa ta sa ya yi sata yakan biya a wuce wurin, amma mai bin matar wani kunyarsa ba ta gogewa, mijin kuma ba ya karɓar toshiya. Na ce masa ya ji da sitiyarinsa.

Ranar kasuwar Tsafe na biya ta Bilbis da hantsi, sannan na iso rumfata cikin farar riga, ina ta raba gaisuwa. Sai ga mijin. Ya daɗe yana kallon wuyan rigata.

"Malam, ba ka yi ƙarya ba," in ji shi. "Kayanka na da kyau. Ga shi har sun biyo ka kasuwa."

Na ce ai mai sayar da turkuɗi ba ya rabuwa da shuni.

"Mai sayarwa a hannu yake ɗauka, ba a wuya ba."

Maƙwabtan rumfa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

A makon mijin ya sake ta, kuma wannan shi ke ci mini rai har yau. Na aika masa da buhun gishiri da ƙwaryar goro, suka dawo ko ɗaurin ba a kwance ba. Rigar kuwa wanki biyu ta koma fara fat. Amma daga Tsafe har Bungudu ba magidancin da ya ƙara cewa in kai kaya gidansa. Na je Makka, na aurar da 'ya'ya, duk da haka in an ambace ni a unguwarmu Tudun Wada sai wani ya ce, "Wane Alhajin? Mai Shuni?"

Dattijon nan ya yi gaskiya. Hasarar kaya kasuwa ta gaba ke mayar da ita, amma na zaga kasuwanni shekara da shekaru ban ga rumfar da ake sayar da mutunci ba.