Malama Mai Tafi

An cire Malama Mai Tafi daga aji, an tura ta ɗakin ajiyar littattafai, wai ta cika hayaniya. Shekara ashirin da uku tana koya wa yara raba kalmomin Turanci gaɓa-gaɓa: kowace gaɓa tafi ɗaya, inda murya ke dannawa a bugi tebur. Mai duba makarantu ya leƙo sau ɗaya tak, ya ce, "Malama, aji ne nan ko gidan biki?"

Yanzu ta bango take jiyo yaranta suna in'ina a kan doguwar kalma, babu mai tsamo su, sai ta juya baya ta share ido. Hedimasta, kai ka sa hannu. Ka mayar mata da ajinta.