Hannun Goggo Pu a Komi na Shida

Pu Suqiong ta shekara goma sha ɗaya tana aiki a gonar gwajin aladu da ke bayan garinmu, a gindin tsaunukan yammacin Sichuan. Kowa Goggo Pu yake ce mata, har manajan gonar da ya girme ta da shekara biyu. Na san ta tun tana kawo ganyen dankali kasuwa a kwandon goyo. Yanzu shekararta hamsin da takwas. Gajera ce mai kaurin hannu, kuma ba ta yarda da duk abin da ke aiki ba a taɓa shi ba.

A ƙauyensu kowane gida na kiwon alade guda domin sabuwar shekara. Watan ƙarshe a yanka, a shafe naman da gishiri da barkono, a rataye bisa hayaƙi ya zama banda. Uwarta ce ta koya mata dafa wa aladu abinci, ta kuma koya mata cewa ba a zubawa a komi sai an tsoma yatsa an ɗanɗana. Da annobar zazzaɓin aladu ta shigo ƙasar, gonar ta fito da takarda: ma'aikaci ba zai ajiye alade a gida ba, ba zai shigo da naman waje ba, wanda ya saɓa an kore shi. Goggo Pu ta dangwala yatsa a jan tawada, ta sayar da aladenta, ta zuba kaji a ɗakinsa.

Ginin da take kula da shi na 'ya'yan aladu ne da aka yaye. Keji goma sha biyu, kowanne da takwas. Ƙasan kejin roba ce mai tsaga-tsaga, kashi ya faɗa rami a ƙasa. Ɗumi da iska na'ura ke daidaitawa. Kowane ɗan alade na da maɓalli rawaya a kunne. In ya sa kai a komi, na'ura ta karanta maɓallin, sikelin da ke ƙarƙashin komin ya auna abin da ya ragu, kwamfuta ta rubuta cewa lamba kaza ya ci giram kaza. Buhunan abinci ba su da suna sai harafi, don kada mai kula ta san wanne ake gwadawa. Nata aikin shi ne ta cika mazubin da ke sakin abinci cikin komi, ta wanke, ta duba mai zawo.

Bara da kaka jami'a ta turo Kuang Zhiyuan, ɗalibi mai neman digiri na uku, siriri mai tabarau. Yana gwada abincin da aka zuba wa garin saiwoyi a madadin magani. Goggo Pu na kiransa Dokta tun bai zama ba, shi kuma bai taɓa gane ko girmamawa ce ko tsokana ba.

A mako na huɗu lissafinsa ya ƙi fita. Keji uku masu buhun C, musamman na shida, su ne kwamfuta ta ce sun fi kowa ci. Ranar awo kuma su ne suka fi kowa rama. Abinci na barin komi amma ba ya zama tsoka. Kuang ya gwada sikelin da dutsen awo, lafiya lau. Ya sauya maɓallan kunne. Daga nan ya zauna ya bi hotunan kyamarar da ke rufi, ya ga abin da ya sa shi kiran manaja. Kowace safiya, bayan ta cika mazubi, Goggo Pu kan waiga, ta juya wa kyamara baya, ta sa hannu a komi.

Manajan, Tsoho Zeng, tsohon soja ne da bai cika son magana biyu ba. Kwana uku bai ce mata komai ba. Ya sa aka riƙa leƙa bokitinta a bakin ƙofa. Matan kicin suka daina hira in ta shigo da kwanonta. Wata ta ce ta ji warin hayaƙi a rigar da Goggo Pu ta dawo da ita daga hutu. Wata ta ce abincin yaye akwai madarar gari a ciki, wa zai ƙi shi in yana da ɗan alade a bayan gida ga sabuwar shekara na matsowa?

Ranar Alhamis da hantsi aka kira ta ofis. Ita ta ba ni labarin, Kuang kuma ya tabbatar mini daga baya.

Zeng ya juyo mata da kwamfuta ya ce, "Goggo Pu, hannun wa ne wannan?"

"Nawa ne mana. Ko naka ya yi kyan wannan?"

"Ba wasa na kira ki ba. Me kike ɗiba?"

Kuang ya gyara tabarau ya ce, "Goggo, ba wanda ya ce kin yi sata. Amma abinci na ɓacewa, kuma aikina na wata uku ya rataya a kan wannan."

"Ba wanda ya ce? To matan kicin mafarki suka yi?"

Zeng ya ce, "Tambaya ɗaya zan yi miki. Akwai alade a gidanki?"

"Akwai kaji tara da zakara gurgu. In kana so in kawo maka shi ka yi masa tambayoyi."

"In aka samu alade a gidanki, ba korarki kawai za a yi ba. Duk gonakin gundumar nan za su ji. Kin san abin da cutar nan ta yi mana."

Ta sani. Da hannunta ta taya binne aladu a shekarar annoba. Amma ta kuma san cewa sa hannu a komin gwaji laifi ne da ke rubuce a bango, kuma gane wane buhu ne wanne ya fi shi girma. In ta faɗi gaskiya, ta kama kanta. In ta yi shiru, ta zama ɓarauniya mai yawo da cuta.

Ta tashi ta ce, "Ku je ku yi wanka. Zan nuna muku aladen da nake ciyarwa."

Ba a shiga ginin sai an yi wanka an sa kayan gona, don haka sai da suka ɗauki rabin awa. A keji na shida ta hana su motsi. Ta ce su tsaya su yi kallo, abin da Kuang bai taɓa yi ba fiye da minti biyu, domin ya fi sanin aladunsa a fuskar kwamfuta. Lamba talatin da ɗaya ya zo ya sa kai. Fitilar na'ura ta yi kore. Ya cika baki, ya tauna sau biyu, ya girgiza kai. Sai ya cusa hanci can ƙasan komin yana tono, yana watso abincin waje, yana neman inda ɗanɗano ya sauya. Ƙwayoyin suka gangara ta tsagar roba suka ɓace. Na biyu ya zo ya yi haka nan.

Goggo Pu ta sa ƙugiya ta ɗaga faifan roba guda. A ramin, gefen komi, ga abinci nan jibge ya jiƙe ya kumbura.

Ta ce, "Ga shi nan, Manaja. Rami sunansa. Ya fi su duka ƙiba."

Kuang ya durƙusa ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na gaya maka tun makon farko. Na ce C ba ya shiga. Ka ce mini na'ura ta ce yana shiga."

Zeng bai saki ba. Ya ce, "To hannun fa?"

Ta ɗebi 'yan ƙwayoyi a komi ta miƙa wa Kuang. "Ci, Dokta. Kai ka haɗa shi."

Ya dubi manaja, ya dubi kyamara, ya jefa a baki. Nan take ya yamutsa fuska ya tofar a tafin hannu.

"Ɗaci ko?" in ji ta. "Buhun A ɗan zaƙi ne da shi, B lami ne, C kuwa kamar maganin da ake ɗura wa mai ciwon hanta. Shekara goma sha ɗaya ban zuba wa dabba abin da harshena bai sani ba. Laifina ke nan, ka rubuta."

Zeng ya rubuta. An ba ta takardar gargaɗi saboda taɓa abincin gwaji. Ranar Lahadi kuma, duk da abin da ya gani da idonsa, ya hau babur har ƙauyensu wai ya zo gaida ta. Ya sha shayi, ya nemi bayan gida, ya biya ta tsohon ɗakin alade. Kaji ya tarar. Warin hayaƙin kuwa daga gidan maƙwabta yake, inda ake banda. Bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta raka shi bakin hanya ba.

Kuang ya zubar da sakamakon keji ukun, ya sake gwajin daga farko, kammala karatunsa ya ja da rabin shekara. An sa faranti ƙarƙashin kowane komi mai tare abin da ya zube, ana auna shi kullum. Goggo Pu ta ce farantin ma ba ta yarda da shi ba, ƙarami ne. Matan kicin sun dawo da hira, amma har yau ita kaɗai take zama a ƙarshen tebur.

Na je gonar a watan jiya, ranar da sabbin buhuna suka iso. Daga tagar gilashin da baƙi ke leƙe na ga ta cika mazubin keji na shida. Kuang na tsaye da takardunsa. Ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya matsa taku biyu zuwa hagu, ya tsaya daidai tsakaninta da kyamara. Bayan ɗan lokaci ta goge yatsa a riga, ta ce masa wani abu da ban ji ba. Ya rubuta a gefen takarda.