Hannun Daman Baba da Izgar Mai Goge

A shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira ne ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo da wuri, amma hannun ya ƙi. Baba tsohon malamin gona ne na En'e, wato hukumar gargajiya, a Roni, mutum mai son jama'a, wanda ban taɓa ganin ya ci tuwo shi kaɗai ba. Kullum da abokansa biyu suke haɗa hannu a akushi ɗaya a zaure. Da ciwon nan ya same shi sai ya koma ɗaki, ya ce ba zai ci da hagu a gaban mutane ba, ba kuma za a ba shi a baki ba. Cokali biyu na kunu, ya ture. Muna kallo yana ramewa.

Malamin asibiti a Kazaure, inda nake koyarwa a firamare, ya ce magani ya yi nasa, saura motsa yatsu. Ya ba mu ƙwallon roba. Baba ya sa hannun hagu ya cilla ta bayan katanga, ya ce shi ba yaro ba ne.

Masinjan makarantarmu ne ya ba ni labarin wani mai goge a Gwiwa da yake koyar da duk wanda ya zo, daga yara har wani tsohon mahauci. Na yi tsaki. A gidanmu ko a rediyo aka sa goge, kashewa ake yi. Amma da na koma gida na ga wuyan Baba yana yawo a cikin riga, sai na hau keke na tafi Gwiwa, ina tafe ina jin haushin kaina.

Mai gogen ya zo ranar Asabar da hantsi, siririn dattijo mai haƙoran goro. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya fito da gogen daga jaka. Baba ya dube ni, kallon da har yau ban manta ba.

"Kai, makaɗi ka kawo mini cikin gida?"

Sai mai goge ya ɗauki izga, wato ɗan bakan da ake goga tsirkiya da shi, ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Baba ya miƙo hagu, na san kuma cillar da ita zai yi. Mutumin ya janye kaɗan.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Ba a karɓar izgata da hagu."

Wallahi a lokacin ji na yi kamar in fitar da shi waje da mari. Ina shi ina gaya wa Baba haka? Amma Baba, saboda tsabar fushi, ya tallafo hannun daman da na hagun, ya kai shi kan izgar. Yatsun ba su kama ba, ta faɗi a tabarma. Mai goge ya ɗauka, ya yagi ƙyalle a bakin jakarsa, ya ɗaure ta a hannun Baba. Shi ya riƙe gogen yana danna tsirkiya, ya ce wa Baba ya ja kawai.

Ƙarar da ta fito kamar ta tsohuwar ƙofar langa-langa. Inna tana tsakar gida ta kasa riƙe dariya. Baba ya ce, "Sake riƙe min. Ba haka na so ya fita ba." Daga nan na san an kama shi.

Haka aka yi wata huɗu, Asabar da Laraba. Ana rufe ƙofa don kada maƙwabta su ji, ko da yake duk unguwa ta ji. Duk zuwa mai goge sai ya ɗan sassauta ƙyallen bai faɗa wa kowa ba. Ba ya yabo. In Baba ya ja da kyau sai ya ce, "To, sake." In ya ɓata ma haka zai ce. Baba bai taɓa iya kiɗa ko ɗaya har ƙarshe ba, gaskiya ke nan, amma wata Laraba ƙyallen ya zame ya faɗi, izgar kuwa tana hannunsa, bai ma lura ba sai da ya ga muna kallonsa.

Duk tsawon wannan lokaci, in an tashi darasi, ni nake kai wa mai goge abincinsa a wani kwano daban, can bakin ƙofar zaure kusa da takalma. Yana karɓa da godiya. Ban taɓa jin na yi wani abu ba daidai ba.

Asabar ɗin da ta biyo, Baba ya ce a shimfiɗa masa a zaure, a kira abokansa. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Na ɗauki kwanon mai goge zan kai inda na saba, sai Baba ya ce, "Juye shi nan." Na tsaya. Ya maimaita, yana nuna akushin.

Mai goge ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni a nan ma ya isa."

"Malam, matso," in ji Baba. Ban taɓa jin ya kira shi haka ba.

Baba ya sa hannun dama ya gutsuro tuwo. Hannun yana rawa, miya ta ɗiga a gaban rigarsa, abokansa suka shiga hirar damina kamar ba su gani ba. Ya kai loma baki, ya sake kai hannu. Ni kuwa na fita waje, don kunya da murna sun haɗe mini, ba na son a ga idona.

Baba ya ƙara shekara tara a duniya, da hannunsa yake cin abincinsa. Mai goge na gode masa sau da yawa, har ya gaji da godiyata. Haƙurin kwanon nan na bakin ƙofa ne ban samu bakin ba shi ba har shi ma ya rasu, kuma shi ne abin da ya fi cancanta in faɗa masa.